AYAR TAKOBI DA DOKAR AMANA

A ranar 4 ga Fabrairu, 2015, 'yan Boko Haram suka faɗa wa garin Fotokol da ke bakin iyakar Kamaru da Nijeriya, suka karkashe mutane masu yawa a gidaje da kan hanya, har da waɗanda suka tarar a cikin masallaci. Labarin ya iso mana Duwala ta rediyo da ta wayar 'yan'uwa. Ranar Lahadin da ta biyo, bayan an tashi sujada, na zauna da ajin masu shirin baftisma kamar yadda muka saba. Ban kai ga buɗe littafi ba, sai wani saurayi ɗan wajen Turu a duwatsun Mandara, wanda danginsa suka daɗe suna kwana a kan dutse don tsoron hari, ya ɗaga hannu.

"Malam," in ji shi, "ka faɗa mana gaskiya yau. Littafin Musulmi ne ya umarce su su kashe mu, ko kuwa?"

Kafin in buɗe baki, wani yaro wanda uwarsa Musulma ce ya miƙe tsaye, ya ce wannan tambaya zagin uwarsa ce, matar da take tashe shi kowace Lahadi don kada ya makara zuwa majami'a. Da ƙyar na raba su.

Ni kuwa ba ni da amsa. Karatuna bai wuce firamare ta mishan ba, sai ɗan horon da aka ba mu na aikin katikis. In na ce "i", na yi shaidar zur a kan maƙwabtana. In na ce "a'a", saurayin ya san maharan suna jawo ayoyi sa'ad da suke kisa, zai ce malaminsa maƙaryaci ne. Sai na roƙe su su ba ni lokaci. Na shiga karanta littattafan tarihi da na iya samu, na kuma riƙa zuwa wurin wani dattijo maƙwabcina, tela, wanda yake karantar da almajirai a zaurensa bayan sallar asuba. Abin da na tattara a shekarun nan, shi ne zan shimfiɗa wa mai karatu.

Unguwar baƙi

Bari mu fara da inda muke zaune. Jamusawa ne suka yanka New Bell. Sun ƙudura su kwashe 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri su mayar da su can baya, a bar fili na kilomita guda tsakanin Turawa da baƙar fata. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ran 8 ga Agusta, 1914. Yawancin 'yan ƙasa ba su zauna a sabuwar unguwar ba. Baƙi ne suka cika ta: Hausawa fatake da mahauta da teloli, Bamileke, Basa, Ewondo, da mutanen Nijeriya da Dahomi da Togo. Kowa baƙo ne, kowa abinci ya zo nema. Saboda haka masallaci da majami'a suka tashi kusa da juna, har yau kuma kiran salla da ƙararrawar sujada suna haɗuwa a sama ɗaya.

Unguwarmu ta san jini da wuta. A watan Mayu na 1955 an yi tarzoma tsakanin magoya bayan jam'iyyar UPC da gwamnatin Faransawa, aka kashe mutane. Ran 24 ga Afrilu, 1960, watanni huɗu bayan samun 'yancin kai, gobara ta cinye Unguwar Kongo, dubban mutane suka rasa muhalli. A lokacin akwai gaba mai tsanani tsakanin Hausawa, waɗanda ake ɗauka mutanen Shugaba Ahmadu Ahidjo ne, da Bamileke, waɗanda ake ɗauka 'yan tawaye ne, har yau kuwa ana gardama a kan wanda ya cinna wutar. Amma tushen wannan gaba mulki ne da ƙabilanci. Tambayar saurayin nan daga arewa ta gangaro mana, tare da 'yan gudun hijira. A 2015, bayan da bama-bamai suka tashi a Marwa cikin watan Yuli, aka hana sa niƙabi har a nan lardinmu, aka fara laluben mutane a ƙofar majami'a da ta masallaci, maƙwabci ya soma duban maƙwabcinsa da wani ido dabam.

Abin da ke cikin littattafai

Ranar da na kai wa dattijon tambayar, ya ajiye almakashi ya dube ni. "Ɗana," ya ce, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zauna in nuna maka duka biyu."

Ya fara da masu nauyi. A Suratut Tauba, aya ta 5, akwai umarnin yaƙar masu shirka bayan wucewar watanni masu alfarma. Ita ce malamai suke kira ayar takobi. Aya ta 29 ta surar tana zancen yaƙar Ma'abota Littafi, wato Yahudawa da Kirista, har sai sun biya jiziya suna ƙasƙantattu. A cikin Arba'una Hadisi, littafin da yaran Islamiyya suke haddacewa, hadisi na takwas yana maganar yaƙar mutane har su yi kalmar shahada. Waɗannan suna nan a rubuce, duk wanda ya ce babu su bai faɗi gaskiya ba.

Sa'an nan ya buɗe ɗaya gefen. Aya ta 4 da ta 6 na Suratut Tauba ɗin, waɗanda suka sa ayar takobi a tsakiya, sun keɓe waɗanda suka riƙe alkawari, sun kuma umarta a ba mai neman mafaka mafaka, a raka shi inda zai tsira. Baƙara aya ta 190 ta ƙayyade yaƙi ga waɗanda suka yaƙi Musulmi, ta hana ƙetare haddi. Aya ta 256 ta hana tilasta wa mutum addini. Mumtahana aya ta 8 ta yarda a kyautata wa waɗanda ba su ɗauki makami ba, a yi musu adalci. Suratul Hajji aya ta 40 ta lissafa majami'un Kirista da na Yahudawa tare da masallatai cikin wuraren da bai kamata a rushe ba. A cikin Buhari kuma akwai hadisin da ya yi wa wanda ya kashe mai alkawari gargaɗin rasa Aljanna.

Na ce, "To, Baba, wanne ke bisa wanne?" Ya yi dariya, ya ce tambayar da malamai suka shekara fiye da dubu suna yi ke nan. Waɗansu magabata sun ce ayar takobi ta shafe ayoyin sassauci fiye da ɗari. Waɗansu sun ce tana zancen Larabawan da suka warware alkawari ne a wancan lokaci. Ɗabari, babban mai tafsiri, bai yarda cewa an shafe ayar Mumtahana ba. Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya bayyana cewa saɓanin masana shari'a ya taso ne daga tambaya guda: rashin imani ne yake halatta jinin mutum, ko ɗaukar makami? Waɗanda suka ce ɗaukar makami ne sun hana taɓa tsoho da makaho da mai zaman ibada.

A ƙasar Hausa da Adamawa, mazhabar Malikiyya ake bi. Almajiri yana fara wa da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya hau Risala, in ya yi nisa ya kai Muhtasar. Risalar Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan da ya rasu a 996, tana da babin jihadi. A can an ce a fara kiran abokan gaba zuwa Musulunci, in sun ƙi su biya jiziya, in sun ƙi wannan ma a yaƙe su. A babin nan kuma aka hana kashe mata da yara, aka ce a kauce wa malaman Kirista da na Yahudawa muddin ba su shiga yaƙi ba, aka haramta kashe wanda aka ba amana, aka haramta warware alkawari. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo wasiyyar Halifa Abubakar ga rundunarsa, inda ya hana sare itatuwa masu 'ya'ya da rushe gine-gine. Dattijon ya ƙara da cewa yaƙi da zartar da hukunci aikin shugaba ne da alƙali, ba a bar wa kowane mai fushi ba.

Sai dai akwai wurare biyu da dokar ba ta sassauta ba. Risala ta yanke wa wanda ya yi ridda kisa in bai tuba cikin kwana uku ba, ta kuma yanke kisa ga wanda ya zagi Annabi. Mu da muke da 'yan'uwa a ikkilisiya waɗanda suka fito daga gidajen Musulmi, mun san nauyin wannan.

Gardamar malamai a ƙasarmu

Waiwaye adon tafiya. Wajen 1492, a yankin Tuwat cikin hamadar Aljeriya ta yau, wani malami mai suna Muhammad al-Maghili ya ce Yahudawan wurin sun warware amanarsu, don haka a rushe majami'arsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi, ya ce mutanen amana ne, shari'a ta tsare su. Aka aika da tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, amsoshinsu suka rabu biyu. Maghili ya tara jama'a, aka rushe majami'ar Tamantit, aka kashe Yahudawa. Wannan Maghilin ne ya zo Katsina da Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafi a kan sarauta. Mai karatu ya lura: mazhaba ɗaya, littattafai ɗaya, amma malami ɗaya ya ga rushewa a cikinsu, ɗaya ya ga tsarewa.

Bayan shekara ɗari uku aka sake irin wannan gardama. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun fara ne a matsayin waɗanda ake tsananta wa. Sarkin Gobir Nafata ya hana rawani da lulluɓi, ya hana ɗa barin addinin ubansa, a zamanin Yunfa kuma aka kai wa mutanen Gimbana hari. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairu 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto cikin shekarar, Alƙalawa ta faɗi a 1808. A shekarar ce kuma masu jihadi suka ci Birnin Gazargamu na Barno. Sai Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya ɗauki alƙalami ya tambayi Sakkwato dalilin yaƙar mutanen da suke salla da azumi da zakka. Ya ce zunubi ba kafirci ba ne, irin laifofin da ake zargin Barno da su akwai su a Masar da Sham, ba a kuwa halatta jininsu ba. Muhammadu Bello ya amsa cewa sarakunan Barno sun taimaki abokan gaban Musulmi, suna kuma yanka wa duwatsu da itatuwa. Bello da kansa ya adana wasiƙun nan a littafinsa Infaƙul Maisuri. Ko ƙanen Shehu, Abdullahi na Gwandu, ya bar rundunar a 1807 ya nufi gabas har Kano, domin ya ga son ganima da sarauta sun shiga zukatan mutane.

A ƙarƙashin daular Sakkwato, Hausawan da ba su musulunta ba, wato Maguzawa, an karɓi jiziya daga hannunsu, aka bar su a gonakinsu da al'adunsu. Jikokinsu suna nan a ƙasar Kano da Katsina da Zazzau, da yawansu ma yau masu bin Almasihu ne. Amana ta yi musu aiki, ko da yake zaman na ƙasa da wani ne.

Waɗanda gardamar ta bari a waje

A nan ne zan faɗi abin da ya fi yi mini ciwo, gama ya shafi kakannina da na saurayin nan. Gardamar Kanemi da Bello a kan jinin Musulmi ce. Ba wanda ya tsaya wa mutanen dutse da na bakin kogi, waɗanda ake kira arna da Hausa, Kirdi a arewacin Kamaru. Haka Ahmad Baba na Tambutu, a fatawarsa ta 1615, ya hana bautar da Musulmin Kano da Katsina da Barno, amma ya lissafa ƙabilun da ba Musulmi ba waɗanda ya halatta a bautar.

Modibbo Adama ya karɓo tuta daga wurin Shehu, aka kafa Fombina, wadda ta haɗa Yola da Garwa da Marwa da Ngaundare da Tibati da Banyo da Rai Buba. Shekara da shekaru ana kai hari a kan Mbum da Gbaya da Mafa da Kapsiki da sauransu, ana kora bayi zuwa arewa. A ƙarshen 1851 zuwa farkon 1852, Bature matafiyi Heinrich Barth ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, ya ga ana yanka maza ana kwashe mata da yara. Sarkin Barno a lokacin shi ne Shehu Umar, ɗan Kanemin da ya rubuta wasiƙun nan. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar littafin da ake rubuta masa al'amuran yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, a ciki yana lissafa hare-haren da ya aika duwatsun Mandara da yawan bayin da aka kamo. Sai a 1927 Ingilishi suka kama shi. Masana tarihi sun lura cewa waɗansu lamidai ba su damu da musuluntar da mutanen dutse ba, tun da yake doka ta hana bautar da wanda ya riga ya musulunta. Wannan ya nuna abin da ake nema a hare-haren. Duk da haka dokar ce ta buɗe musu ƙofa, domin ta raba duniya gida biyu, ta bar wanda ba Musulmi ba, ba shi kuma da alkawari, ba tare da mai tsaronsa ba.

In mutumin Mandara ya ji tsoro sa'ad da ya ji kabbara da dare, kada a ce masa ƙiyayya ce kawai. Jiki magayi.

Zamaninmu

Duniya ta juya. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta soke jiziya a 1856. An haramta bauta. Ƙasashen Musulmi sun shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, sun sa hannu a kan zaman lafiya da sauran ƙasashe. Tsarin mulkin Kamaru bai ɗauki addinin kowa ya zama na gwamnati ba, ya kuma ba kowa 'yancin ibada. Malamai da yawa suka ce zaman 'yan ƙasa ɗaya alkawari ne, saboda haka dokar amana ta rufe kowa. Waɗansu ƙalilan suka ƙi, suka ce gwamnatocin nan na kafirci ne, duk wanda ya bi su jininsa ya halatta.

Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, daga ƙasarmu ya tafi Kano. A tarzomarsa ta Disamba 1980, hukumar binciken gwamnati ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu, galibinsu Musulmi. Muhammad Yusuf na Maiduguri ya zo da irin nasa, malaman Sunna suka yi masa raddi a fili. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi wa'azi a kan ɓatansa, aka harbe shi yana jan sallar asuba a Kano ran 13 ga Afrilu, 2007. Sheikh Albani na Zariya ma an kashe shi a Fabrairu 2014, Abubakar Shekau ya ce su ne. An kashe Sarkin Gwoza a Mayu 2014, aka tayar da bam a babban masallacin Kano a Nuwamba na shekarar, mutum fiye da ɗari suka mutu. A nan Kamaru sun sace Lamidon Kolofata a Yuli 2014, suka tayar da bam a masallacin Kuyape a Janairu 2016.

Mu ma sun neme mu da sunan bangaskiyarmu. Mun tuna majami'ar Madalla ranar Kirsimati ta 2011, da 'yan matan Chibok 276 a Afrilu 2014, da fada biyu 'yan Italiya da sista 'yar Kanada da aka sace kusa da Marwa a watan nan, da Leah Sharibu ta Dapchi wadda aka riƙe a 2018 don ta ƙi musun Ubangijinta, da Rabaran Lawan Andimi na Michika da aka kashe a Janairu 2020. Akwai kuma kisan da taron jama'a suka yi da sunan ramuwar zagi: Gideon Akaluka a Kano a 1994, da Deborah Samuel a Sakkwato ran 12 ga Mayu, 2022. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan Deborah, amma an sami masu wa'azi da suka goyi bayansa. Gardamar Maghili da Asnuni ba ta mutu ba.

A ɗaya gefen, malamai fiye da 120 daga ƙasashe dabam dabam sun rubuta wa shugaban Da'ish buɗaɗɗiyar wasiƙa a Satumba 2014, suka bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya suka rushe, suka ce haramun ne a cuci Kirista, haramun ne a komo da bauta. A Janairu 2016 aka yi taro a Marrakesh ta Maroko, inda Sheikh Abdullahi bin Bayyah, masanin Malikiyya ɗan Muritaniya, ya jagoranci sanarwar da ta nemi a ba waɗanda ba Musulmi ba cikakken haƙƙin 'yan ƙasa. Ran 23 ga Yuni, 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na ƙasar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su ga mahara. Alƙur'anin da yake karantawa shi ne wanda Shekau yake ɗagawa.

Laifi tudu ne

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Littafinmu Mai Tsarki ma yana da surori masu nauyi. Mai karatu ya duba Maimaitawar Shari'a sura 20, da Joshuwa sura 6, da 1 Sama'ila sura 15. Mun gaskata cewa Yesu Almasihu ya rufe wannan hanya: ya tsawata wa Yakubu da Yahaya sa'ad da suka so wuta ta sauko a kan ƙauyen Samariyawa, ya sa Bitrus ya mayar da takobi kube, ya umarce mu mu ƙaunaci maƙiyanmu, shi kansa kuma bai tara runduna ba, gicciye ya ɗauka. Amma masu kiran sunansa sun sha sake buɗe hanyar. A 1099 mayaƙan gicciye sun karkashe Musulmi da Yahudawan Urushalima. A Yelwan Shandam, bayan an kashe Kirista a cikin majami'a a Fabrairu 2004, an koma a watan Mayu aka hallaka ɗaruruwan Musulmi. A 2014 mun ga Musulmin Afirka ta Tsakiya suna kwararowa ta Garwa-Bulai, suna gudun 'yan anti-balaka, waɗanda da yawansu suke amsa sunan Kirista. A can ma an sami masu tsayawa a ƙofa: Fada Bernard Kinvi ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a mishan na Bossemptele, Akbishop Dieudonne Nzapalainga kuma ya saukar da Liman Umar Kobine Layama a gidansa a Bangi.

Idan wani ya karanta Joshuwa sura 6 ya ce kowane Kirista mai kisa ne, za mu ce bai yi mana adalci ba. Mudun da muke so a auna mana da shi, da shi ya kamata mu auna wa maƙwabci.

Amsar da na kai wa ajin

Bayan watanni na koma wa tambayar, ga kuma abin da na faɗa musu.

Na ɗaya, ayoyin yaƙi suna nan, tsohuwar doka kuma ta yarda da yaƙar waɗanda ba Musulmi ba a ƙarƙashin shugaba, ta sa musu jiziya, ta tsananta wa mai barin addini. Kakanninmu sun ɗanɗana wannan. Ba za mu share tarihi don a ce muna da kirki ba.

Na biyu, dokar nan da kanta ta haramta abin da aka yi a Fotokol da Madalla da Chibok. Ta hana kashe mata da yara da masu ibada, ta hana cin amanar maƙwabci, ta hana mutum ya zama alƙali da hauni a lokaci ɗaya. Shi ya sa masu kisan suka fara da malamansu.

Na uku, wace aya ce ke bisa wace, Musulmi ne za su yanke, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Namu shi ne kada mu ƙarfafa hannun mai tsanani. Duk lokacin da Kirista ya ce Shekau ne Musulmin gaskiya, Liman Abubakar kuwa bai san addininsa ba, ya ba Shekau shaidar da malaman Musulunci suka hana shi. Sai mu tsaya tare da masu riƙon amana, mu kuma tambaye su a fili, cikin ladabi, game da 'yan'uwanmu da aka kora daga gida saboda sun karɓi baftisma, da majami'un da ake hana wa fili a waɗansu garuruwan arewa. Abokin gaskiya yana jure wa irin wannan tambaya. Na yi wa dattijon ita, ya yi shiru, sa'an nan ya ce a ganinsa hisabin mai ridda yana wurin Allah, amma ya san malamai da yawa ba za su bi shi a kan haka ba.

Saurayin Turu bai gamsu duka ba. Ya ce magana tana da sauƙi ga wanda yake kwana a Duwala. Ban yi masa musu ba, gama yana da gaskiya, har yanzu kuwa ana kai hari a ƙauyukansu. Amma an yi musu baftisma rana ɗaya da yaron da suka kusa dambe, uwar yaron kuma ta aiko da tuwo da miyar kuka aka ci tare. Da dattijon ya rasu, su biyun suka raka ni gaisuwar ta'aziyya, muka zauna a kan tabarma a zauren da ya buɗe mini Risala.

'Yan'uwa, Manzo Bulus ya gargaɗe mu a Romawa sura 12 mu yi iyakar ƙoƙarinmu mu zauna lafiya da kowa, mu bar ramuwa ga Allah. Bari mu koya wa 'ya'yanmu tarihin nan dukansa, da ɗacinsa da zaƙinsa, don kada wani ya ruɗe su da rabinsa. Ubangiji ya ta'azantar da waɗanda aka kashe wa nasu, Kirista da Musulmi, ya komo da waɗanda aka sace, ya kiyaye New Bell da ƙasashenmu cikin salama. Amin.